Yadda Za Ka Bi Sawun Tarihin Superman da Ƙarfinsa Ba Tare da Ka Rikice Ba

Musu ne ya sa na buɗe littafin rubutun da zan yi maka bayaninsa. Ni da ƙanena muka yi ta ja-in-ja a kan magana guda: shin Superman yana buƙatar iska idan ya fita sararin samaniya? Na ce ko kusa, domin na sha ganinsa a tsofaffin mujallun zane yana ratsa tsakanin taurari daga shi sai jar alkyabbarsa, ko abin rufe hanci babu. Shi kuma ya dage cewa da idonsa ya gan shi cikin rigar 'yan sama jannati a fim ɗin zane na talabijin da aka fara nunawa a 1996. Kowa ya kafe a kan tasa. Sai da na koma na duba sannan na gane babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Sunan ɗaya ne, tambarin ƙirjin ma ɗaya, amma Superman biyu muke magana a kai, kuma shekaru kusan talatin ne a tsakaninsu.

Tun daga ranar na daina tambayar "me Superman zai iya?" Tambayar da ke da amsa ita ce: wanne daga ciki, na wace shekara, a hannun wane marubuci? Ga yadda nake bi, kuma na tabbata zai yi wa duk mai son fahimtar wannan jarumi amfani.

Ka fara da samun littafin rubutu, ka ware wa kowane zamani shafinsa. A saman shafin ka sa shekara da sunan marubuci da na edita. A ƙasa ka bar gurbin amsa tambayoyi huɗu: daga ina ƙarfinsa yake zuwa, me zai iya kuma me ya gagare shi, me ke kayar da shi, sannan su wa ke raye a cikin danginsa. Tambaya ta ƙarshe kamar ba ta shafi ƙarfi ba, amma za ka ga ita ce ta fi saurin nuna maka zamanin da kake ciki. Ka tanadi biro da fensir duka, zan faɗa maka dalili nan gaba.

Shafinka na farko na 1938 ne, kuma ina roƙonka kada ka cike shi da abin da ka ji a bakin mutane. Ka nemi labarin asali ka karanta, an sha sake buga shi, shafi 13 ne kacal. Ya fito a mujallar Action Comics lamba ta 1, Jerry Siegel ya rubuta, Joe Shuster ya zana, samari biyu daga birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Ka tsaya sosai a shafin farko. Duniyarsa ta asali, wadda ta fashe aka aiko shi daga cikinta yana jariri, ba a ma ambaci sunanta ba, sunan Krypton sai a 1939 ya bayyana. Babu manomi da matarsa da suka tsinci jariri, wani mai mota ne da ya zo wucewa ya gan shi ya kai shi gidan marayu. Ga jaririn nan an zana shi ya ɗaga kujera sama da hannu ɗaya, ma'aikatan gidan sun saki baki. Daga nan aka lissafa abin da zai iya da ya girma: tsallen kashi ɗaya cikin takwas na mil, wato kusan mita 200, tsallake bene mai hawa 20, gudun da ya wuce jirgin ƙasa, da fatar da ba abin da zai huda ta sai harsashin igwa mai fashewa. Shi ke nan. Ba ya tashi sama, ba ya harba wuta da ido, ba ya hura iska mai daskarar da ruwa.

A ƙasan wannan shafin akwai ƙananan zane biyu da nake komawa gare su kullum: tururuwa ɗauke da abin da ya ninka nauyinta, da fara tana tsalle. Da su marubucin ya kafa hujja cewa ƙarfin Clark Kent, sunan da Superman ke amfani da shi a rayuwar yau da kullum, ba abin mamaki ba ne, tunda ga ƙwari ma suna yin irinsa. Bayanin a lokacin shi ne mutanen duniyarsa sun riga mu ci gaban jiki da miliyoyin shekaru. Babu maganar rana ko kaɗan. Ka rubuta wannan a gurbin tambaya ta farko, domin za ka ga amsar ta canza sau biyu.

Ka kuma lura da waɗanda yake faɗa da su. A wannan labarin ya fasa ƙofar gwamna cikin dare don a ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta yi ba, ya lallasa wani mai dukan matarsa, ya bi sawun wani mai sayen 'yan majalisa a Washington. A fitowar da suka biyo baya ya tilasta wa mai mahaƙar ma'adinai ya ɗanɗana haɗarin da ma'aikatansa ke ciki, ya rushe gidajen unguwar talakawa da suka lalace don gwamnati ta gina sababbi. Amurka tana cikin matsin tattalin arziki a shekarun 1930, kuma ƙarfinsa daidai yake da girman abokan gabansa. Wannan ne Superman ɗin da na fi ƙauna, domin idan ya ɗaga mota kana jin nauyin motar.

Mataki na gaba, kada ka yi ƙoƙarin bin komai lokaci guda. Ka ɗauki zare ɗaya ka bi shi har ƙarshe, sannan ka dawo ka ɗauki wani. Na ba ka shawarar ka fara da tashi sama, domin shi zai koya maka abin da yawancin masu karatu ke mantawa: ba a cikin mujalla kaɗai ake gina Superman ba. Shirin rediyonsa ya fara a 1940, kuma a can ana jin ƙarar iska yana tashi. A 1941 kamfanin Fleischer ya fara fitar da gajerun fina-finan zane, inda tsalle-tsalle bai yi kyau a ido ba idan ana motsa hoton, sai tsallen ya koma shawagi. Mujallar ce ta biyo baya a cikin 'yan shekaru. Haka Perry White, editan jaridar da Clark ke aiki, da sunan Jimmy Olsen, matashin abokin aikinsa a jaridar, duk daga rediyo suka shigo. Kryptonite kansa, dutsen da ke raunana shi, a rediyo aka fara jin sa a 1943, bai shiga mujalla ba sai 1949, kuma a fitowarsa ta farko ja aka yi masa kafin ya koma kore. Fim ɗin 1978 da Christopher Reeve ya fito a ciki shi ya mai da harafin ƙirjinsa tambarin gidan mahaifinsa, mujallu suka ɗauka daga baya. Don haka a gefen kowane shafi ka ja layi, ka riƙa rubuta abin da ke faruwa a rediyo da sinima da talabijin a wannan shekarar.

Zare na biyu shi ne tushen ƙarfi. Bayan maganar ci gaban jiki, sai aka ƙara cewa Krypton ta fi duniyarmu girma da ƙarfin jan abu zuwa ƙasa, saboda haka nan komai ba shi da nauyi a wurinsa. Wannan ya isa ya bayyana tsalle da ɗaga mota, amma bai isa ya bayyana ganin har hanji ko shawagi a sama ba. Wajen 1960 aka kawo bayanin da ya zauna har yau: ranar Krypton ja ce, tamu ruwan ɗorawa, kuma hasken tamu ne ke ba shi ƙarfi. Ka ga amfanin wannan ga marubuci. Ya ba shi dalilin ƙara kowane irin iko, ya kuma ba shi hanyar ƙwace shi, domin da zarar an kai Superman ƙarƙashin jar rana ya zama kamar kowa.

Yanzu ka shirya, za ka shiga zamanin da ya fi cika littafi, wato shekarun da Mort Weisinger yake edita, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1970. Kusan duk 'yan watanni sai an kawo sabon abu. Karensa Krypto ya riga ya zo a 1955. A 1958 aka samu babbar mafakarsa a yankin ƙanƙara na arewacin duniya, da maƙiyinsa Brainiac, da birnin Kandor da aka ƙanƙance aka rufe cikin kwalba. A 1959 'yar baffansa Supergirl ta iso. A 1961 aka buɗe Phantom Zone, kurkukun da aka zuba masu laifin Krypton. Wanda aka ce shi kaɗai ya tsira sai ga shi da dangi da kare da birni guda. Kryptonite ma ya haihu: ja yana jawo masa canjin da ba a san irinsa ba na ɗan lokaci, na zinariya yana ƙwace ƙarfinsa har abada. Ƙarfin kuwa ya wuce misali. Yana ratsa zamani ya koma baya da gudunsa, yana shiga tsakiyar rana ya fito, an zana shi yana yaro yana jan jerin duniyoyi da sarƙa.

A nan ne biro da fensir za su yi aiki. Ikon da ya zauna, wanda marubuta daban-daban suka ci gaba da amfani da shi shekara da shekaru, ka rubuta shi da biro: tashi, ƙarfi, gudu, fatar da ba ta huduwa, ganin har hanji, ji daga nesa, wutar ido, numfashi mai daskarewa. Wanda ya zo don warware matsalar labari ɗaya ya ɓace, ka sa shi da fensir. Misali, a Superman lamba ta 125 ta 1958, wani ɗan ƙaramin Superman ne yake fitowa daga tafin hannunsa yana yi masa aikin ceto. Akwai jefa murya zuwa wani wuri mai nisa, akwai juya tunanin mutum da kallo. Ƙa'idata ita ce, sai na ga iko a hannun marubuta uku mabambanta kafin na taɓa biro. Rabin musun da ake yi a kan jarumai daga nan yake tasowa, mutum ya ɗauko abin fensir ya kafa hujja da shi kamar na biro. Wutar ido ma tana da nata labarin: da farko zafin ganin har hanji ne kawai, daga baya aka raba su ta zama iko mai zaman kansa.

Idan ka cike waɗannan shafuka ka ja baya ka dube su, za ka ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina. Ƙarfin yana hawa, yana hawa, har marubuta su rasa abin da zai tsorata mai karatu, sai a zo a datse shi, ya sake fara hawa. Wanda zai iya tura duniya da hannu, wane ɓarawon banki ne zai tsaya masa? Sai labari ya koma neman Kryptonite ko sihiri a kowace fitowa, domin sihiri na cikin 'yan abubuwan da ke kama shi. Ka sa jan alama a wurare ukun da aka yi datsar.

Na farko 1971 ne. Julius Schwartz ya karɓi aikin edita, Denny O'Neil ya rubuta, aka fara daga Superman lamba ta 233. Duk Kryptonite da ke duniya ya rikiɗe ya zama baƙin ƙarfe, wata halitta ta yashi ta riƙa zuƙe ƙarfinsa har ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, Clark kuma ya koma karanta labarai a talabijin. Aikin talabijin ya daɗe, ragin ƙarfin bai daɗe ba. Marubutan da suka biyo baya sun yi kamar ba a yi ba.

Na biyu shi ne babba, kuma idan shekara ɗaya tak za ka haddace, ka haddace 1986. Kamfanin DC, mai buga mujallun Superman, ya fitar da Crisis on Infinite Earths a fitowa 12 tsakanin 1985 da 1986, inda aka rushe duniyoyin labaransa masu yawa aka dunƙule su wuri guda. Supergirl ta mutu a fitowa ta 7. Daga nan John Byrne ya sake gina Superman daga tushe a The Man of Steel, fitowa 6. Ka buɗe sabon shafi fes, domin duk amsoshin huɗu sun canza. Jikinsa yana tara hasken rana a hankali, saboda haka bai yi aikin jarumta yana yaro ba, labaran Superboy da aka fara tun 1945 duk an share su. Ba ya tura duniyoyi, ba ya komawa baya cikin zamani, kuma idan zai daɗe a sararin samaniya sai ya tanadi iska. Wannan shi ne Superman ɗin ƙanena, domin fim ɗin zanen 1996 daga nan ya ɗebi abubuwa da yawa. Shi kaɗai ya tsira daga Krypton. Lex Luthor, wanda ya fara a 1940 a matsayin mugun masanin kimiyya mai jan gashi, ya zama hamshaƙin attajiri mai kamfani. Iyayen riƙonsa, Jonathan da Martha Kent, kuwa suna raye, yana komawa gonarsu ya nemi shawara. A ganina wannan canjin na ƙarshe ya fi ragin ƙarfin tasiri, domin shi ya sa Clark ya zama mutumin na ainihi, rigar jarumta ta zama kayan aiki.

Abin da ya biyo baya zan ratsa shi da sauri. Wani dodo mai suna Doomsday ya kashe shi a ƙarshen 1992, mutum huɗu suka fito suna neman gurbinsa, ya dawo a 1993 da dogon gashi. Ya auri Lois Lane, 'yar jarida abokiyar aikinsa, a 1996. A 1997 aka mai da shi halittar lantarki mai shuɗiyar fata, a 1998 ya rabu biyu, shuɗi da ja, sannan ya koma yadda yake. Duk wannan na lantarki fensir ne. A shekarun 2000 an sake ba da labarin asalinsa har sau biyu, a Birthright na Mark Waid da Secret Origin na Geoff Johns, kuma da kaɗan-kaɗan Supergirl da Krypto da yawancin abin da Byrne ya share suka dawo, ƙarfin ma ya sake hawa.

Datsa ta uku 2011 ce, lokacin da DC ya sake fara duk mujallunsa daga lamba ta 1. Grant Morrison ya nuna shi matashi cikin riga mai gajeren hannu da wandon jins, yana tsalle bai iya tashi ba tukuna, yana matsa wa azzaluman attajirai. Ka ajiye wannan shafin kusa da na 1938 ka kwatanta, za ka ga da gangan aka yi. Iyayen riƙonsa sun mutu, auren Lois babu shi, jan kamfan da yake sawa a kan wando an cire. A 2015 aka ƙara masa ikon fitar da duk hasken ranar da ke jikinsa lokaci guda, wanda ke barinsa ba ƙarfi na kwana ɗaya. A 2016 tsohon Superman mai aure ya dawo tare da ɗansa Jon, a 2017 aka haɗe tarihin biyun, a 2018 jan kamfan ya dawo a Action Comics lamba ta 1000.

Akwai tarkuna uku da suka taɓa kama ni, gara ka san su tun yanzu. Ɗaya, kwanan watan da ke bangon mujalla ba shi ne ranar fitowa ba, ana sa shi gaba da wata biyu ko uku. Action Comics lamba ta 1 tana ɗauke da Yunin 1938 amma a Afrilu ta fito, labarin mutuwarsa yana ɗauke da Janairun 1993 amma a Nuwamban 1992 aka sayar da shi. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Biyu, lamba kaɗai ba ta isa ba, domin an sha sake ƙirga mujallar Superman daga 1. Lamba ta 123 ta 1958 daban, lamba ta 123 ta 1997 da aka ba shi rigar lantarki daban. Kullum ka haɗa lamba da shekara. Uku, wasu labaran a gefe suke, ba su cikin babban zaren. All-Star Superman, inda hasken rana ya yi masa yawa har yake kashe shi, da Red Son, inda jirginsa ya faɗi a Tarayyar Sobiyet, suna da kyau ƙwarai, amma ka ba su shafukan bayan littafi. Haka kuma kafin 1986 kamfanin ya ce Superman na 1938 yana nan a wata duniya ta daban da ake kira Earth-Two, sunansa Kal-L, ya yi furfura, ya auri Lois tun 1978, na babban zaren kuma Kal-El ne. Harafi ɗaya ya raba su, sai ka buɗe ido.

Da littafin ya cika, za ka iya gane zamani daga shafi ɗaya ko da an yage bangon. Idan jaridar Clark sunanta Daily Star, kana kafin tsakiyar 1940 ne, ko kuma a Earth-Two, ko a farkon labaran Morrison. Idan Clark yana gaban kyamarar talabijin, tsakanin 1971 ne da 1986. Idan babu sunan Siegel da Shuster a shafin farko, kana tsakanin 1948, lokacin da aka cire sunayensu bayan sun kai kamfanin ƙara, da tsakiyar shekarun 1970. Sai a ƙarshen 1975 aka amince a mayar da sunayen a kuma riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara, bayan sun tsufa cikin rashi, Shuster ma idonsa ya kusa tafiya. Duk lokacin da na zo wannan layin a littafina nakan daɗe a kansa.

Kwanan baya ƙanena ya turo mini hoton shafi guda a waya, ba bango ba lamba, ya ce: "Yaya, wannan fa na yaushe ne?" Na faɗaɗa hoton da yatsu. Jonathan Kent yana tsaye a bakin ƙofa da ransa, ke nan bayan 1986 ne. Clark yana gefensa, gashinsa ya sauko har kafaɗa an ɗaure shi ta baya. Bai tara wannan gashin ba sai da ya dawo daga mutuwa, kuma ya aske shi gab da ɗaurin aurensa. Na rubuta masa: tsakanin ƙarshen 1993 da 1996.